An Cire Wa 'Yar Shila Kuloci

Shafi na 27

Sandar dogarawar da Auta ya yi jifa da ita ta daki bangon garejin, ta kwaso sifanun da ke rataye suka zubo ƙasa. Amarya ta ja ta tsaya a bakin ƙofa, makullin mota a hannunta.

Mijinta Auta ya kifa cikinsa a gefen motarsa 'Yar Shila, kansa can ƙarƙashin sitiyari. Ƙafarsa ta hagu, wadda ke ɗaure cikin ƙarafa daga gwiwa zuwa idon sawu, tana jan ƙasa a bayansa kamar ta aro.

"Biyu," ya ce daga ciki.

Wansa, wanda kowa a gidan ke ce wa Yaya, ya ajiye tsumman da ke hannunsa a hankali.

"Auta, fito mu yi magana."

"Totur. Birki. Na duba da ido, na laluba da hannu. Yaya, ina fedar kuloci?"

Yaya da Amarya suka kalli juna.

Daga asibiti suke, wajen gashin ƙafa. A hanya ya ce wa Amarya ta bi da shi gareji. Ta ce ai Yaya ya ce ba a gama aikin ba. Ya ce ko ta karya kan motar ko ya buɗe ƙofa ya sauka tana tafiya, kuma ta ga hannunsa a kan marfin. Tun ranar da ya kife da 'Yar Shila a filin tsere ba a bar shi ya sa ta a ido ba. Ita ce 'yar motar da shi da wansa suka ƙera da hannunsu, kujera biyu, babu rufi, jikinta na alminiyom. Saboda rashin nauyi, mutum sai ya tura ta da hannu ɗaya yana kurɓar shayi da ɗayan. Ga ta yanzu a kan jak, tayoyinta a sama, sai ƙamshin sabon fenti take.

Auta ya janyo jikinsa waje, ya jingina da motar a kan ƙafa ɗaya, yana haki.

"Ina jin ka, Yaya."

Yaya ya gyara murya. "Ka dai san tsohon giyabos ɗin ya tsage a hatsarin. Guda uku muka duba. Ɗaya na manyan motoci ne, ƙarfi kam akwai, amma in ka ɗora mata shi ka ɗora wa jaririya buhun siminti. Ɗaya na babur ne, ba nauyi, amma ba shi da ribas, kuma injinmu zai cinye haƙoransa kafin a zagaya fili. Wannan shi ne daidai da ita. Ka ja sandar baya, giya ta hau. Ka tura gaba, ta sauka. Ɗaya na bin ɗaya, babu lalube, babu tsallake. Kafin ka ƙifta ido ta shiga."

"Ni kake wa karatu?"

"Ba karatu ba ne."

"Ni da nake ce wa masu irin wannan giyabos ɗin malalata? Ni da na ce ranar da ka ga na sa wa 'Yar Shila shi, ka kai ni a duba min kai?" Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Har gadon asibiti ka same ni da hotuna a waya, ka ce in zaɓa. Na zaɓi irin na da, mai giya biyar, mai kuloci. Ka dafa kaina ka ce an gama."

"Daga baya ne muka sake shawara."

"Ku da wa?"

Yaya ya kalli ƙasa. Amarya ta ji makullin yana huda mata tafin hannu.

"To na ji, kun sake shawara," Auta ya ce. "Amma ko wannan ɗin ma da fedarsa yake zuwa. A kan gudu ba a taka ta, na sani. Amma da ita ake tashi daga tsaye. Ina take?"

Yaya ya ɗaga hannu ya nuna cikin motar.

A jikin doguwar sandar giyar, daidai inda yatsu ke kamawa, an ɗaura wani ɗan mariƙi na ƙarfe kamar birkin keke. Auta ya miƙa hannu ya matsa shi. Ya shige lumus. Ya saki, ya sake matsawa. Ya sake.

"Kulocin hannu," ya ce a hankali. "Wa ake yi wa kulocin hannu, Yaya?"

"Ku je gida tukuna. Da yamma zan zo mu zauna."

Auta bai ko kalle shi ba. Tafin hannunsa yake kallo, yana dunƙulewa yana buɗewa. Can ya ɗago ya dubi matarsa.

"Kwandasta."

Sunan da ya sa mata ke nan tun suna saurayi da budurwa, lokacin da take zama a gefensa da agogo a hannu in zai gwada mota. Bai taɓa kiran sunan da irin wannan muryar ba.

"Na'am."

"Buɗe jakarki."

"Direba, don Allah mu je gida."

"Buɗe."

Ta zuge jakar. Yana nan a sama, kan kwalayen magani: ɗan jan ƙwallon robar da take ba shi kullum bayan karin kumallo, ta tsaya a kansa yana matsawa da hannun dama har sai ya ce ya gaji, ta ce ƙara kaɗan.

"Kika ce don jini ya riƙa gudana ne."

Ta sunkuyar da kai.

"Ina ta mamaki. Ƙafa ke ciwo, ana ta horar da hannu. Har tsokanarki nake, ina cewa likitan naki a bayan mota ya yi karatu." Ya ƙura mata ido. "Ashe shirya ni kike."

Hawayen da take riƙewa tun a hanya suka gangaro.

"Me likita ya ce?"

"Auta," Yaya ya sa baki.

"Da matata nake magana." Idonsa na kanta. "Me ya ce?"

Ta goge hawaye da bayan hannu.

"Ƙashin ya haɗe. Jijiyar ce. Wadda ke ɗaga ƙafar. Ya ce ta tafi ke nan."

"Yaushe ya faɗa?"

"Tun kafin a sallame ka. Ya so ya gaya maka da kansa, mu muka roƙe shi ya dakata."

"Gashin da kike kai ni fa?"

"Yana da amfani, wallahi yana da amfani. Don kada ƙafar ta tsotse."

Ya gyaɗa kai kamar wanda ake wa lissafin kayan gyara.

"Kullum da safe kina yaye min bargo, ki ce in motsa babban yatsa. In yi ta nishi. Ki ce ya motsa, kin gani da idonki. Rannan har rawa kika taka min a tsakar ɗaki da ludayi a hannu, kika kira Inna a waya kina mata albishir."

Ta toshe bakinta da bayan hannu.

"Ya taɓa motsawa?"

Ta dubi jakar da ke hannunta.

"Ko sau ɗaya?"

Ta girgiza kai.

Fankar da ke rufin garejin ce kawai ke ƙara. Auta ya saki jikin motar.

"Ƙarya likita yake," ya ce. "Ku matsa."

"Kada ka yi haka," Yaya ya ce.

"Ƙafar da ta taka kuloci tun ban kai tsawon sitiyari ba? Ita ce za ta ce ba ta san ni ba? Ku tsaya ku gani."

Ya miƙe a kan ƙafar dama, ya cije leɓe, ya mayar da nauyinsa kan ta hagu.

Ko daƙiƙa ba ta riƙe shi ba. Ya tafi gaba ɗaya, kafaɗarsa ta bugi kwanon baƙin mai, man ya malale a siminti ya jiƙa masa farar rigarsa. Amarya ta watsar da jaka ta yi kansa.

"Kada ki taɓa ni."

Hannunta ya tsaya a iska.

"Direba..."

"Direban me? Daina kirana da shi. Kin san ya mutu, kina ta kiran gawa."

Maganar ta shige ta har ƙashi. Ta durƙusa a cikin man, ba ta damu da zanenta ba, ta zauna dab da shi ba tare da ta taɓa shi ba.

"To ka gama? In ka gama, ni ma ka saurare ni."

Ya kau da kai.

"Ka tuna farkon kwanciyarka? Ka juya wa bango fuska. Ba ci, ba sha, ba magana. Inna ta zo tana kuka a kanka, ko waiwayowa ba ka yi ba. Sai ranar da Yaya ya ce zai tayar da 'Yar Shila, zai shirya maka ita kafin tseren ƙarshen shekara. Ranar ka ce a ba ka abinci. Har ƙari ka nema. A daren... a wannan yinin ne likita ya kira mu waje. To gaya min, in dawo ɗaki in ce maka me? In karɓe cokalin daga bakinka?"

Ta share hawaye, ta ci gaba.

"Ka ɗauka son motar nan nake? Na tsane ta. Ni na ga yadda aka zaro ka daga cikinta. Da son raina ne, da tuni an kai wa masu narka alminiyom ita sun yi tukwane da ita, in sayi ɗaya in riƙa dafa maka ruwan wanka."

Wani sauti ya kuɓuce masa, tsakanin dariya da kuka.

"Amma sai da na zauna a kan wancan bencin, kai kana can ana maka gashi kana zaton kasuwa na tafi. Ina koyon haƙoran giya kamar mai shirin jarrabawa. Ni da ban san bambancin kuloci da birki ba sai da na aure ka. Da Yaya ya ce akwai irin wanda ba ya buƙatar ƙafar hagu, har sujada na yi a nan, a kan wannan ƙazamin simintin. Mariƙin nan da ka matsa, da farko tauri ne da shi, ko ni da hannu biyu ban iya ba. Ni na hana Yaya sakat sai da ya sassauta shi, don na san hannunka bai gama dawowa ba. Tambaye shi."

Yaya yana can tsaye ya ba su baya, yana tsince sifanu ɗaya bayan ɗaya.

"Na yi maka ƙarya," ta ce. "Kullum da safe na yi maka, in shiga kicin in kunna famfo don kada ka ji kukana. In ka ce ba za ka yafe ba, ba zan ce ka zalunce ni ba. Amma ƙafa ce ta tafi. Idonka na nan, hannunka na nan, kan nan naka mai taurin tsiya yana nan. Mota kuma ga ta."

Auta ya ƙura wa rufin kwano ido. Hawaye na bin gefen idonsa yana shiga kunne. Can ya goge fuska da hannun riga, ya bar baƙin mai a kumatu.

"Yaya."

"Na'am."

"Ɗaga ni. Sa ni a ciki."

Yaya ya juyo da sauri. "Ba yau ba. Ba a gama saiti ba."

"A kan jak take. Ina za ta kai ni?"

"Na ce ku je gida, Auta. Jikinka duk mai ne, za ka ɓata kujera."

"Yau kuma kujera ta fi ni?"

Amarya ta ɗago jajayen idanunta. "Yaya, don girman Allah. Bar shi ya ji ta."

Yaya ya kalle ta, ya kalli ƙofar gareji, ya ja dogon numfashi. Ya sunkuya ya ciccibi ƙaninsa kamar yadda yake yi suna yara, ya zura shi cikin motar. Da hannu ya ɗaga ƙafar hagun ya shigar da ita. Gwiwoyin Auta suka tokari ƙasan sitiyari, kafaɗunsa suka matse a kujerar, amma hankalinsa ba ya nan. Yatsansa ya riga ya kai kan maɓallin.

Injin ya yi tari sau ɗaya, ya kama.

Ƙarar ta cika garejin, kwanon rufi ya ɗauki rawa. Auta ya lumshe ido. Ya damƙi sandar, ya matse mariƙin, ya ja baya.

Ƙwas.

Ya saki mariƙin sannu a hankali, yana ba ta wuta da ƙafar dama. Tayoyin baya suka fara juyawa a iska.

Ya ƙara wuta. Ya ja.

Ƙwas. Ta biyu.

Ƙwas. Ta uku.

Giyabos ɗin ya ɗauki wani siririn kuka mai hawa sama, irin wanda ake ji tun daga bayan fili. Babu lalube, babu jira. Yana ja tana shiga, kamar ta san abin da ke ransa kafin hannunsa ya kai. Amarya ta ga kafaɗunsa sun saki. Ta ga mutumin da ta aura ya leƙo daga cikin fuskar da ta yi wata da watanni tana jinya.

"Kwandasta," ya ɗaga murya a kan ƙarar injin, bai ma san ya faɗa ba. "Kina jin ta?"

"Ina ji," ta ce, tana dariya tana share hawaye. "Malalaci."

"Rufe min baki."

Ƙwas. Ta huɗu.

Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya kai ta birki.

Ƙafar ta bugi ƙarfe.

Ya sake kai ta. Ta sake bugawa. Ya leƙa ƙasa. Ƙarfen sitiyari ne ya sauko ya raba tsakanin fedojin biyu, totur a dama, birki can a hagu, ƙarƙashin ƙafar da ke kwance cikin ƙarafa. Babu ta inda ƙafar dama za ta tsallaka.

Tayoyin na ta juyawa.

Ya sa hannu biyu ya kama gwiwar hagun, ya ɗaga ta ya ɗora a kan fedar, ya danna da dukkan ƙarfinsa. Ƙafar ta zame ta faɗi gefe.

Yaya ya miƙa hannu ya kashe injin.

Tayoyin suka ci gaba da juyawa su kaɗai, suna rage gudu, har suka tsaya don kansu.

"Me ya faru?" Amarya ta ce, tana kallon wannan tana kallon wancan. "Wani abu ya lalace ne?"

Auta bai ɗago ba.

"Yaya. Me ya kai birki hagu?"

"Zan gyara."

"Ban ce ka gyara ba. Kai ba sabon shiga ba ne. Walda ce a nan, an auna an sake aunawa. Mutumin da ba shi da ƙafar hagu ka yi wa mota, ka sa masa birki a hagu?"

Amarya ta juya ta dubi Yaya.

Auta ya motsa kafaɗunsa a cikin kujerar. Ya dubi gwiwoyinsa da ke manne da sitiyari. Ya shafa gefen kujerar da hannu, a hankali, kamar mai shafa fuskar baƙo a duhu.

"Wannan ma ba tawa ba ce. Ta ɗan ƙaramin mutum ce."

"Yaya?" Muryar Amarya ta sirance. "Ka ce min don shi ne. A nan ka tsaya ka ce min don shi ne."

Yaya ya buɗe baki. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Amarya, ki fahimce ni. Kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu sun ce motar sai ta fita a tseren nan, ko da shi ko..."

Aka yi sallama a bakin ƙofa.

Wani gajeren mutum ne siriri, cikin kayan tsere ja da fari, hular kwano a hammata, yana taunar cingam. Ya tsallake sandar dogarawar da ke yashe a ƙasa ba tare da ya duba mene ne ba, ya nufo motar yana murmushi.

"Sannunku da aiki. Tun daga titi na jiyo kukanta, na ce lallai an sa giyabos ɗin da na ce." Ya miƙa wa Yaya hannu. Yaya bai karɓa ba. Mutumin bai damu ba, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ta gefen gwiwar Auta. "Yawwa. An cire min fedar kuloci, birki ya koma hagu. Haka nake so, ni da hagu nake taka birki."

Ya miƙe, ya dubi Auta da rigarsa mai baƙin mai, ya ɗan bubbuga jikin motar da yatsa.

"Maigida, in ka gama ɗumama min ita, ɗan fito in gwada."